Daga Sirdi zuwa Kujerar Babur: Tarihin Shirya Abin Hawa a Ƙasashen Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

A ƙasashen Tasawa da Mayahi, sabon babur ba kasafai yake zarcewa gida daga hannun mai sayarwa ba. Da zarar an fiddo shi daga kwali an haɗa, sai mai shi ya tura shi rumfar makaniki, daga can ya wuce wajen mai walda, sa'an nan ya ƙare wajen mai ɗinkin kujera. Baƙon da ya ga haka zai yi mamaki, ya ce me ake gyarawa a jikin abin da ko ledarsa ba a cire ba? Amsar tana cikin tarihin ƙasar. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin cewa abin hawa ba ya zuwa a shirye: sai an daidaita shi da ƙasar da zai taka, da kayan da zai ɗauka, da mutumin da zai hau. Haka kakanni suka yi wa doki da jaki da raƙumi, haka kuma jikoki suke yi wa babur, wanda a bakin mutanen Nijar aka fi kira moto. Wannan nazari zai bi sawun wannan al'ada tun daga zamanin sirdi, ya nuna abin da ya ɗore da abin da ya sake, da kuma inda gyara yake rikiɗewa ya koma ɓarna.

1. Ƙasar rairayi da hanyoyinta

Gundumomin Tasawa da Mayahi suna gabashin jahar Maraɗi. Garin Tasawa yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, kusan tsakiyar tafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram, kudancin gundumar kuwa, wajejen Hawandawaki da Korgom da Bawdeta, ya jingina da iyakar jihar Katsina. Mayahi tana arewa maso yamma da Tasawa, a bakin Gulbin Kaba, wato tsohon kwarin nan mai yawan goruba wanda ya ratsa gundumomin biyu. Mafi yawan ƙasar jigawa ce, rairayi mai laushi wanda gero da wake da gyaɗa suke so, amma ƙafa da taya ba su so. Da rani iska tana tara shi a kan turba har ƙafa ta nutse, da damina ruwa yana yanke hanya a fadamu, ga kuma ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tsidau a ko'ina.

Duk da haka ƙasar ba ta taɓa zama saniyar ware ba. Tun da daɗewa ayarin Abzinawa masu gishiri yana ratsa ta zuwa Katsina da Kano. Tare da irin wannan ayari ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, kafin ya bi ta Gazawa ya shiga Katsina. Abin da ya tarar shi ne gari mai kasuwa da hada-hada, wanda rayuwarsa ta rataya ga dabbobin da ke shigo da kaya suna fita da shi. Tambayar da ke gaban matafiyin wancan zamani ita ce dai ta yau: yaya za a kai mutum da kayansa nesa cikin rairayi, ba tare da an karya mutumin ko abin hawansa ba?

2. Zamanin doki da jaki

Bayan jihadi ya ci birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar tsofaffin sarakuna ta koma arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajen 1819. Tasawa tana cikin ƙasashen da suka bi wannan sarauta, kuma a ƙarshen shekarun 1890, da rikici ya tsananta a Maraɗi zamanin Ƙaura Hasau, Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa da zama. Ƙarni ne na yaƙi da hari, wanda ƙarfin sarki yake a yawan dawakinsa. Ko sunan garin Hawandawaki ya isa ya tuna wa mai sauraro matsayin doki a wannan ƙasa.

To amma sayen doki somin taɓi ne. Kafin ya zama abin hawa sai an yi masa horo, ya saba da linzami da ƙaimi. Sa'an nan masassaƙi ya sassaƙa itacen sirdi, baduku ya lulluɓe shi da fata, ya ɗinka ragama da majayi, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa. A ƙarƙashin sirdi akan shimfiɗa zubka domin kada itace ya ci bayan doki, a bisansa kuma a ɗora jalala domin taushin zama da ƙawa. In yaƙi za a fita, sai a ƙara lifidi, wato rigar auduga mai kauri da ke tare kibiya. Duk wanda ya duba waɗannan kaya zai ga sun kasu uku: akwai na kare lafiyar dabba da ƙara mata juriya, akwai na jin daɗin mahayi, akwai kuma na ado, wanda ke gaya wa jama'a ko wane ne ke tafe. Wannan rabo uku shi ne za a sake tararwa a jikin babur.

Talaka ma yana da nasa shiri. Jakinsa ba ya ɗaukar kaya sai an ɗora masa akumari, a rataya mangala ko taiki, a ɗaure da igiya. Mangalar da igiyar kuwa da kabar gulbin nan ake saƙa su, sana'ar da mutanen Mayahi suka shahara da ita. Mai jaki ya san cewa in kaya ya rinjaya gefe guda, ko akumari ya yi sirara, to gyambo zai fito a bayan dabba, kuma tafiyar mako ta tsaya ke nan. Sanin daidaita nauyi, da sanin iyakar abin da dabba za ta iya, ilimi ne da yaro yake koya tun yana kora jaki zuwa rijiya.

3. Zuwan Nasara, gyaɗa da hanyar mota

Faransawa sun shigo ƙasar da jini. Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa tun daga bakin Kwara, a yankin Tasawa ta wargaje: an kashe Kanar Klobb a Dankori ranar 14 ga Yuli 1899, kuma cikin ƴan kwanaki sojojin nasu suka kashe jagororin biyu a Maijirgi. Bayan mulkin mallaka ya zauna, Tasawa ta zama mazaunin kwamanda, har zuwa 1927 da aka mayar da cibiyar mulki Maraɗi. Da yaƙi ya ƙare, lifidi ya koma kayan hawan salla, amma doki ya ci gaba da zama abin hawan sarakuna da dogarai da masu karɓar haraji.

Abin da ya sake fasalin tafiya shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe ma'aunai, sai noman gyaɗa ya bazu a jigayin Tasawa da Mayahi. Da farko raƙuma da jakuna ke kai buhuna ma'auni, daga baya manyan motoci suka karɓa. Hanyoyin motar kuwa da aikin tilas aka share su, wanda ba a soke ba sai a 1946. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, aka kuma shimfiɗa kwalta a babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram ta Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa. Sai dai kwalta layi ɗaya ce tak. Hanyar da ta rabu daga Cadawa zuwa Mayahi ta shekara da shekaru tana jan ƙasa, ƙauyukan Urafan da Kanambakashe da Gidan Amumun da Isawan kuwa sai turbar rairayi.

A wannan zamani ne keke ya shigo, aka raɗa masa dokin ƙarfe. Tun a kansa aka ga alamar abin da zai biyo baya: mai keke yakan naɗe ƙarfen da kyalle ko leda mai launi, ya ɗinka wa sirdin riga, ya sa maƙeri ya ƙarfafa mazaunin kaya. Har sunan sirdi aka ɗauko daga doki aka ba kujerar keke. Bayan keke sai Mobylette, ƙaramin babur mai feda da kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949. Ya zama alamar ma'aikaci mai albashi: malamin lakwal, da malamin asibiti, da malamin gona. Yana shan mai da aka gauraya da baƙin mai, kuma ƙarfinsa kaɗan ne, saboda haka in ya shiga rairayi sai mai shi ya taimaka masa da feda, ko ya sauko ya tura. An ƙera shi ne domin titunan Faransa, ƙasar Mayahi kuwa ta nuna masa iyakarsa.

4. Daga babur na ma'aikaci zuwa babur na kowa

A shekarun 1970 da 1980 baburan Japan suka mamaye kasuwa: Honda da Yamaha da Suzuki. Wasu ta Najeriya suke shigowa, inda kuɗin man fetur ya yawaita su, wasu kuma ayyukan raya karkara da ƙungiyoyin agaji ke kawo wa ma'aikatansu bayan farin 1973 da na 1984. A jikin irin su Yamaha DT ne mutanen karkara suka fara ganin babur da aka yi shi musamman domin daji, mai dogayen ƙafafu da taya mai gurza-gurza. Sai dai tsadarsa ta hana talaka ko tunaninsa.

A shekarun 1980 ɗin ne kuma sana'ar kabu-kabu ta ɓullo a garuruwan bakin iyaka kamar Ƙwanni, musamman lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, babur ya zama abin da ke iya bin ɓarauniyar hanya. Daga nan sana'ar ta bazu zuwa Maraɗi da sauran garuruwa. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ƙara nesanta kayan Faransa da na Japan daga aljihun mutane, ya kuma tura kasuwa neman mai araha.

Mai arahar ya zo daga ƙasar Sin. Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000, babura irin su Jincheng da Kasea da Haojue suka riƙa shigowa a cikin kwali ta tasoshin ruwan Kwatano da Lome da Ikko, a wargaje, sai an zo nan a haɗa. Daga baya na Indiya suka biyo, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da TVS. Man Najeriya mai rahusa da ƴan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalba a bakin hanya ya sauƙaƙa riƙonsu shekaru masu yawa, har zuwa lokacin da aka janye tallafin mai a can a watan Mayu na 2023. Cikin shekaru kaɗan babur ya tashi daga hannun ma'aikaci ya koma hannun manomi da ɗan kasuwar ƙauye da saurayin da ya dawo daga ci-rani a Kano ko Libiya, ko daga wuraren haƙar zinariya na arewa da suka buɗe daga 2014.

A nan ne batun gyara ya zama dole. Babur mai injin 100 ko 125 ko 150 an ƙera shi ne domin mutum biyu a kan titi. Wanda ya saye shi a Korgom ko Sarkin Hausa kuwa yana son ya yi masa aikin doki da na jaki gaba ɗaya: ya kai buhun gero mai tiya arba'in kasuwa, ya ɗauko jarkokin ruwa, ya kai akuya, ya kai amarya, ya kai mai naƙuda asibitin gunduma cikin dare. Tazarar da ke tsakanin abin da masana'anta ta ƙera da abin da ƙasa take bukata, masu sana'ar gida ne suka cike ta.

5. Abin da ake yi wa sabon babur

Aikin farko na makaniki ne, kuma ba ya ɗaukar ido. Tun da a gaggauce ake haɗa babur in an fiddo shi daga kwali, gogaggen makaniki yakan bi shi noti bayan noti yana ɗaurewa, ya daidaita wayoyin ƙafa domin kada ƙafar ta karkace, ya cusa giris a wuya da cibiyoyin ƙafafu. Yakan kuma shawarci mai shi ya zubar da baƙin man farko tun babur bai cika kilomita dubu ɗaya ba, domin sabon inji yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe yayin da sassansa ke gogar juna. A wannan lokaci ba a matsa masa da gudu ko nauyi. Wannan shi ne horon babur, kuma wanda ya ƙi yi masa shi yakan gani a ƙwaryarsa kafin shekara.

Na biyu shi ne kare inji daga ƙura da gurɓataccen mai. Ƙurar hunturu in ta shiga inji ta haɗu da baƙin mai, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye zobban fistin, babur ya fara hayaƙi da rashin ƙarfi. Shi ya sa ake kula da soson tace iska, a riƙa wanke shi ana shafa masa ɗan mai. Man kwalba kuma yakan zo da datti ko ruwa, don haka ake ƙara ƴar matata a jikin tiyon da ke kai mai daga tanki.

Na uku shi ne ƙafafu da ƙarfin ja. Akan sauya tayar da babur ya zo da ita da mai kauri, mai manyan haƙora. Wasu sukan tsaga tsohon cubu su shimfiɗa a cikin taya domin ƙaya ta gaza kaiwa ga sabon. Mahayin da ya san daji yakan rage iska kaɗan in zai shiga rairayi, domin taya ta baje ta hau bisansa maimakon ta nutse, ya mayar da iskar in ya hau kwalta. Akwai kuma sauya faifan haƙoran baya, wanda sarƙa ke ja. In aka sa mafi girma, babur yana samun ƙarfin fita daga rairayi da kaya, amma gudunsa yana raguwa, kuma yana ƙara shan mai a doguwar tafiya. Saboda haka ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga kan kwalta tsakanin Tasawa da Gazawa, da manomin da ke ratsa Gulbin Kaba, ba faifai ɗaya suke nema ba.

Na huɗu aikin mai walda ne, magajin maƙerin da. Shi ke cire siririn mazaunin kaya ya ƙera wani da ƙarfe mai kauri, mai faɗin da buhu zai zauna. Shi ke sa ƙarfen kariya a gaban inji domin in an faɗi ƙafar mahayi ta tsira, ya faɗaɗa matakin ƙafa na baya, ya sa ragar ƙarfe a gefen ƙafar baya domin kada zane ko lulluɓin mace ya naɗe a cikin wayoyi, haɗarin da kowace uwa ta sani. Masu ɗaukar nauyi sukan sauya shoka ta baya da mai tauri, wasu ma su ƙara biyu su zama huɗu. Igiyar kaba ta ɗaure kaya kuwa, tsagin tsohon cubu ya kusa maye gurbinta, ko da yake har yanzu ana ganin mangala rataye a bayan babur kamar yadda take a bayan jaki.

Na biyar shi ne kujera, wadda ta gaji aikin baduku. Kujerar masana'anta gajera ce, sosonta kuma ba ya jure tafiyar sa'o'i a kan hanya mai gargada. Mai ɗinki yakan ƙara mata soso, ya tsawaita ta, ya lulluɓe da fata ko leda mai kauri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce maki 40, baƙar kujerar da ta sha rana ba ta zaunuwa, shi ya sa ake shimfiɗa mata guntun darduma ko bargo, wanda shi ne jalalar wannan zamani. A shekarun baya-bayan nan an ƙara fitila mai haske da ba ta cin batir, da wurin cajin wayar salula, abin da ke da muhimmanci a ƙauyen da babu lantarki.

Ado shi ne na ƙarshe, amma ba a raina shi. Akwai tuntaye a hannuwa, da lambobi masu ƙyalli, da rubutun addu'a ko karin magana a bayan ƙafa, wani ma da laya a ƙarƙashin kujera. Wasu kan bar ledar kwali a jikin tanki wata da watanni, domin kare fenti, domin kuma a san sabo ne. Ranar salla ko rakiyar amarya, in samari suka jeru da baburansu, wanda ya taɓa ganin kilisar dawaki ba zai rasa gane inda abin ya samo asali ba.

6. Inda gyara ke zama ɓarna

Ba kowace sauyi ce gyara ba. Akwai samarin da ke cire madubai domin gayu, su fasa cikin salansa domin ƙara, suna zaton ƙara ita ce ƙarfi. Akwai mai cire soson iska don babur ya ƙara gudu, ya sami gudun kwana kaɗan, ya rasa inji. Akwai mai matse kafireta fiye da kima domin tsimin mai, inji ya riƙa zafi har ya ƙone. Walda a jikin ƙashin bayan babur, in ba gwani ya yi ta ba, takan raunana ƙarfen ya karye a tsakiyar tafiya. Mafi haɗari kuwa shi ne, ana ƙarfafa mazaunin kaya da shoka, amma birki yana nan yadda masana'anta ta yi shi domin mutum biyu. Babur mai buhu biyu da fasinja ba ya tsayawa inda mara kaya zai tsaya. Ga shi kuma mutum yakan kashe kuɗi a kan tuntu da fitila mai launi, ya ga tsadar hular kwano.

A nan ne zamanin doki ya fi na yanzu da abu guda. Dabba in an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta takan yi tirjiya, ta durƙusa, ko bayanta ya yi rauni, mai ita ya gani ya rage. Ƙarfe ba ya kuka sai ranar da ya karye. Mai doki kuma yakan girma ne a barga, ƙarƙashin idon manya, kafin a ba shi linzami, alhali yaro yakan koyi babur cikin yini biyu a bayan gari. Asarar kuwa ba ƙarama ba ce. Ga iyali da yawa babur shi ne tumakin da aka sayar, ko guzurin shekara biyu na ci-rani, ga ɗan kabu-kabu kuma sau da yawa amanar wani ce da yake biya kullum ko mako-mako. In ya lalace cikin shekara guda, jari ya tafi. In ya kayar da mai shi ana tsakiyar damina, gona ta kwana.

7. Kalmomin rumfar makaniki

Tarihin nan ya bar sawu a harshe. A rumfar makaniki guda a Tasawa ana iya jin kalmomi hawa uku. Akwai na gado: sirdi, sarƙa, wuya, ƙafa, haƙori, horo. Akwai waɗanda suka zo ta Faransanci, kamar moto da buji. Akwai kuma waɗanda suka hauro daga kudu ta Ingilishi, tare da kayan gyaran da ake sarowa a Kano da Katsina: fulogi, kuloci, birki, salansa, kafireta, walda, faci. Abu guda yakan sami suna biyu, buji da fulogi, kuma yaron makaniki yana amfani da duka biyun ba tare da ya rikice ba. Su kansu baburan ana raɗa musu laƙabi, kamar roba-roba ga ƙaramin nan mai rufin roba.

Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana kalmomi masu ɗimbin yawa na doki da launukansa da kayansa, shi ya sa har yau ana iya sanin ma'anar waɗanda suka fita daga bakin jama'a. Kalmomin babur kuwa mafi yawansu a baki kawai suke, suna kuma sauyawa da sauyin samfuri: waɗanda suka san sassan Mobylette da sunayensu sun fara ƙaranci, kamar yadda masu iya ɗinka zubka da jalala suka yi ƙaranci.

Kammalawa

Daga ayarin da ya kawo Barth Tasawa zuwa baburan da ke cika tashar kabu-kabu ranar kasuwa, abin hawa ya sake sau da yawa, amma rairayi bai sake ba, haka ma hannuwan da ke daidaita baƙon abu da shi. Masassaƙi da maƙeri da baduku sun zama makaniki da mai walda da mai ɗinkin kujera, kuma iliminsu ya cancanci a ɗauke shi a matsayin ilimi.

Akwai aiki a nan ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973 a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshen da zai ɗauki wannan nauyi yana bukatar kalmomin sana'a, rumfar makaniki kuwa tana cike da su. Ɗalibai za su iya zagaya dattawan dukawa da maƙera na Tasawa da Mayahi su rubuta sunayen kayan doki tun masu su na raye, su jera su gefe da gefe da na babur. Malamin lissafi zai iya kawo faifan haƙora aji: in na gaba yana da 14 na baya 42, sau uku na gaba zai juya kafin ƙafa ta juya sau ɗaya, in aka sa mai 49, sai sau uku da rabi, kuma a nan yaro zai ga dalilin da ƙarfi ke ƙaruwa gudu ya ragu. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da gidajen rediyon karkara za su iya ɗaukar batun birki da madubi da hular kwano, su kai shi tasha da dandali. Magabata ba su ba yaro linzami sai ya san nauyin da doki zai iya ɗauka, kuma wannan ƙa'ida ita ce ya kamata ta fara isa ga wanda aka miƙa wa makullin sabon babur.